Kin Zo Hutu Maraɗi, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kabarinki yana da faɗi da haske. Ni ce ɗiyarki Ramatu, daga Sabon Gari, Maraɗi.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki, jikarki ce, wadda ta ci sunanki, ta tambaye ni yadda aka yi kabarinki ya zo Maraɗi alhali ke haifaffiyar Abijan ce. Na buɗe baki na kasa. Ta ce to in rubuta, za ta sa a waya mutane su karanta. Su karanta ɗin. Ni dai da ke nake.

Kin tuna shekarun da Baba ya yi yana yi miki alkawarin zai kai ki ki ga garinsu? Duk shekara sai kasuwar goro ta hana. Ke kuwa ba ki taɓa wuce Buwake ba, Maraɗi a bakinsa kawai kika san ta: tarin gyaɗa kamar dutse, Gulbi mai cika har ya tumbatsa, fura wadda ya ce babu irinta a duniya. Ranar da ya ce bana za a tafi in an ba da hutun lakwal, wato makaranta, sai da kika zagaye gidajen unguwa kina sallama kamar mai tafiya Makka. Kika cika akwati da atamfa da sabulu da busasshen kifi, tsarabar mutanen da ba ki taɓa gani ba.

Labarin fari ya iso mu tun kafin mu tashi. Amma Alhaji Nomau, abokin Baba tun suna yara, ya aiko cewa mu zo, cikin gari lafiya lau.

Mun shiga jirgin ƙasa har Wagadugu, daga nan mota. Lokacin soja ne ke mulki a nan, shinge bayan shinge. Baba ya ja mana kunne, ni da ƙanena Isufu, in an tsaya kowa ya riƙe bakinsa. Ke da aka fi jin tsoron bakinki sai ki leƙa ta taga ki gaida sojan, ki tambaye shi lafiyar uwarsa. Wasu su ɗaure fuska, wasu murmushi ya kuɓuce musu.

Bayan mun wuce Dogon Dutsi maganarki ta ragu. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ga mushen shanu a bakin hanya, ko ungulu ba ta kula su. Isufu ya fara ƙirgawa da ƙarfi. Kika buge masa hannu kika ce ba abin ƙirga ba ne.

A gidan Alhaji Nomau muka sauka. Matarsa, Hajiya Abu, ta rungume ki kamar kun tashi ɗaki ɗaya, tana dariyar Hausarki ta Abijan, ke ma kina dariyar tata. Kwanakin farko hutu muka yi na gaske. Yau gidan wannan abokin Baba, gobe gidan wancan, ko'ina a ajiye mana fura da nama. Kin shiga babbar kasuwa kin taya abin da ba za ki saya ba, don kawai ki ji yadda matan nan suke ciniki. Baba ya kai mu bakin Gulbi ya nuna mana inda ya koyi iyo. Yashi ne kawai a wurin, da ramukan da mata suka tona suna jiran ruwa ya tsatso. Ya tsaya yana kallon yashin, ke kuma ba ki yi masa tsiya ba, ko da yake na ga ta zo miki baki.

Jiratawa, garin noman rani kusa da Maraɗi, ita ce ta wanke masa fuska. A can inji ne yake jawo ruwa daga ƙasa, yana bi ta magudanan siminti, masara da zogale kore shar, kamar ba a ƙasar da muka ratso ba. Kika cire takalmi kika tsoma ƙafafunki a ruwan. Wata tsohuwa ta kawo mana dambun zogale a ƙwarya, kika ci har da lashe yatsu, kika dubi Baba kika ce, “Ashe ba duka ne ƙarya ba.” Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Sai ranar da muka je garin Tibiri. Mun je gaida tsohon malamin Baba, muka zaga cikin tsohon gari, aka nuna mana ƙofar fada da gidajen da suka girmi kakanninmu. Da la'asar muna dawowa muka ga mutane zube a ƙarƙashin itatuwan gawo, nesa kaɗan da titi. Da safe ma mun wuce su, amma ta ɗayar tagar kike kallo. Mutanen arewa ne, na wajen Dakwaro, waɗanda dabbobinsu suka ƙare suka gangaro da ƙafa. Kika ce wa direba ya tsaya. Baba ya ce magariba ta kusa. Kika sake cewa ya tsaya.

Na bi ki a baya ina riƙe da gefen zanenki. Babu wanda ya roƙe mu komai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wata mata mai suna Tsahara tana jiƙa anza a tukunya, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci in hatsi ya ƙare. Ta miƙa miki jaririyarta don ta samu ta tace ruwan. Na ga hannunki ya yi sama da kika karɓe ta, don kin shirya wa nauyin da babu shi. Kika tambayi sunanta. Tsahara ta ce, “Sai mun ga ko za ta zauna.”

Ranar ba ki ci tuwo ba.

Da gari ya waye kika roƙi Hajiya Abu aron manyan tukwanenta na biki. Atamfofin tsaraba da suka rage kika kai kasuwa suka dawo hatsi. Alhaji Nomau, Allah ya jiƙansa, ya ji kunyar baƙuwa ta riga shi, ya buɗe sitonsa, ya ba da motarsa mai buɗaɗɗen baya. Matan layinmu suka shigo da turame da taɓare. Kafin a yi haka, tsakar gidan da aka share don tarbar baƙi ya zama madafa. Kullum da hantsi mu ɗora tukwanen kunu a mota, ke da Hajiya Abu kuna riƙe da marufai don kada ya zube, mu kama hanyar Tibiri.

A can kika koya mini abin da har yau ban manta ba. Ni ina zuba wa duk wanda ya fi kuka. Kika riƙe ludayin kika ce, “Fara da wanda ba ya kuka. Mai kuka da sauran ƙarfinsa.”

Kunun bai taɓa isa ba, Inna. Kin fi ni sani. Yau mu ƙara tukunya, gobe mu tarar an ƙaru da mutanen da suka fi tukunyar yawa. Wasu fuskokin da muka saba da su sai mu neme su mu rasa, kuma ba ma tambaya. Jaririyar Tsahara kike fara dubawa kullum. Ki tsoma yatsa a kunu ki sa mata a baki, in ta tsotsa ki yi ta murna har gida, in ta ƙi ki wuni ba ki ce wa kowa uffan ba.

Wata safiya muka iso ba kowa. Duwatsun murhu da toka, da tsummoki a jikin ƙaya. Wani mai kiwon awaki ya ce sojoji sun zo da manyan motoci sun kwashe su, hukuma ta ce a tara su wuri guda a riƙa raba musu jar dawa. Muka bi kwatance har muka sami wurin, wani fili a bayan gari. Kin shiga kina kiran sunan Tsahara rumfa rumfa. Tsahara da yawa suka amsa, babu taki a ciki. Ba mu sake ganinta ba, ba mu san ko an raɗa wa yarinyar suna ba.

Hutu ya zo ƙarshe, lakwal ta kusa komawa, Baba ya fara zancen tafiya. A gabana kika roƙe shi ya ƙara miki 'yan kwanaki, kin ce in kika tafi yanzu matan layi za su watse. Ya ce ke ba gwamnati ba ce. Kika ce kin sani. Ya dube ki ya daɗe, sannan ya ce to. Har ya koma ga Allah bai daina maimaita wannan “to” ɗin ba.

A cikin 'yan kwanakin nan amai da gudawa suka shiga filin. Likitoci suka ce mu da muka koma kai kunu can kada mu ci ko mu sha a wurin, kuma ba ki ci ba, ba ki sha ba. Amma yaran da kike ɗauka kina wanke musu jiki fa? Wata ranar Talata muna dawowa kika ce cikinki yana murɗa. Kafin azahar ba kya iya tsayuwa. A asibiti babu gado, a kan tabarma aka shimfiɗa ki a baranda, cikin mutanen da jiya ke ce mai zuba musu kunu. Hajiya Abu tana riƙe da kwalbar ƙarin ruwa a sama da hannunta, don babu abin ratayawa.

Idanunki sun faɗa, muryarki ta koma kamar ta tsohuwa. Na zaci za ki yi mini wasiyya. Sai kika kalli kaina kika ce, “Ki ce wa Abu ta yi miki kitso. Kada ki shiga jirgi da kai haka.” Washegari kafin la'asar kin tafi.

Maza suka ɗauke ki, mu mata muka tsaya a ƙofar gida. Matan layi sun ci gaba da kunun na ɗan lokaci don girmama ki, sannan hatsin Alhaji ya ƙare, kowa ta ɗauki turminta ta koma gida.

Ban shiga jirgin ba, Inna. Baba ya ce ba zai iya da ɗiya mace shi kaɗai ba, ya bar ni wurin Hajiya Abu kafin ya daidaita ya dawo. Ta riƙe ni da amana, ita ta aurar da ni ga wanda na zaɓa, ita ta wanke mini 'ya'yana. Baba kuwa bai daidaita ba. Ya zo sau da yawa, amma bai taɓa iya kwana biyu a garin nan ba, garin da ya yi shekaru yana yi miki kirarinsa. A Abijan ya rasu. Isufu ya girma ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya neman aiki, muka yi ta jin labarinsa daga bakin matafiya, daga baya labarin ya yanke. Alhaji Nomau ne kaɗai ya san daidai inda aka sa ki. Da na yi hankalin in aiki ɗana ya nuna masa, idon Alhajin ya riga ya tafi, maƙabartar kuma ta cika ta haɗe. Na san gefen da kike, ban san wurin ba.

Da ina da labari mai daɗi da na ba ki. Soja sun tafi, sun dawo, sun sake tafiya, yanzu ma su ne. Damina ta zama abin tsoro, ko ta ƙi zuwa ko ta zo ta rushe gidaje. Mutanen ƙauye suna shigowa gari kamar wancan lokacin, wasu yunwa ta koro su, wasu 'yan bindiga. Jiratawa tana nan kore, amma ba ta iya ciyar da kowa. Da safe mata suna tsayawa a ƙofata da yara a goye, in ba su abin da ya kwana a tukunya, in ya ƙare in ce Allah ya ba da haƙuri, in tura ƙofa. Ina jin takunsu suna matsawa gida na gaba.

Akwai wani abu da nake yi wanda 'ya'yana suke yi mini dariya a kansa. Duk ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni, ko mai sayar da ruwa, in na ga furfura ta fara fito masa kuma na ji harshensa na arewa ne, sai in tambaye shi ko iyayensa sun gangaro a shekarar farin nan, ko sun zauna a hanyar Tibiri. Yawanci su ce ba su sani ba. Wani ya taɓa ce mini e, a can uwarsa ta mutu, wasu mutane suka ɗauke shi. Na tambaye shi ko an taɓa ba shi labarin wata baƙuwa mai kawo kunu. Ya ce wa zai ba shi labari, Hajiya, duk waɗanda suka sani suna ƙasa. Har yau ban sami mutum ɗaya da zai ce mini kununki ne ya raya shi ba. Mutum ɗaya nake nema, Inna, don in samu abin da zan gaya wa zuciyata. Na fara tsufa, kuma na fara yarda ba zan same shi ba.

Allah shi ya ga abin da kika zuba a kowace ƙwarya, ko da babu wanda ya rage da zai faɗa. Ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya shayar da ke daga tafkin Annabi. Ya jiƙan Baba da Alhaji da Hajiya Abu. Ya jiƙan Tsahara da ɗiyarta in sun riga mu. Isufu kuma, in yana raye Allah ya sa wani yana ba shi abinci, in ya mutu Allah ya sa an samu wanda ya rufe shi. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

Taki har kullum,
Ramatu
Sabon Gari, Maraɗi