Gafiyata a Hannun Bukar

Haɗejiya, daren Laraba, watan Rajab.

Ni na shiga taɓon fadamar Guri na kamo gafiyoyin nan. Amma da Likita Bature ya tashi fiɗa, Bukar ya miƙa wa wuƙa, Bukar da na riga fara aiki a asibitin En'e! Wai wani kitse Likita yake nema a tsokar da ke kawo yawu, wanda jikin dabbar ke haɗawa da kansa.

Bukar ya ɗago daga madubin Likita na duba ƙananan abubuwa yana murmushi. "Malam Sule, zo ka gani, ai gafiyarka ce."

Na ce wankin kwalabe yana jirana.

Allah Ya raba ni da ƙyashi. Ga shi na kasa barci, ina ta tunanin ko yaya kitsen yake.