Muryata a Manyeton Mushe Illo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Zulai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. 'Yarki Rabi ce take rubuto miki daga Tasawa, a ƙarshen shekarata ta biyu a kwaleji, kuma damina ta biyu ke nan za ta sauka ba ki tare da mu.

Ina son in ba ki labarin wani akwati. Mushe Illo, malaminmu na lissafi (Mushe ake ce wa malami a bokon Faransanci) wanda aka haɗa wa darasin waƙa, shi ya zo da shi daga Yamai. Manyeto ake ce masa. Yana da faifai biyu masu juyawa da wani siririn zare a tsakaninsu. In mutum ya yi magana, zaren ya riƙe maganar, daga baya ya maido ta. A gabansa akwai 'yar allura cikin gilashi, mai motsi gwargwadon ƙarfin murya. Mushe ya ce sau uku zai ɗauki waƙar kowa a shekara, ya jera su mu ji da kunnenmu ko mun ci gaba, kada wani ya ce an zalunce shi a maki.

Ɗauka ta farko ta faɗo lokacin cirar gyaɗa. Na tsaya gaban allo, hannaye a baya kamar yadda aka koya mana, na buɗe baki. Allurar ko gezau. Da aka maido, babu abin da aka ji sai jakin wani mai kai buhuna sikelin awon gyaɗa yana kuka a bayan taga. Hadiza 'yar garin Urafan, ƙawata ce kuwa, ta ce, "Mushe, a ba jakin goma sha biyu, ya fi ta ƙoƙari!" Ni aka ba huɗu cikin ashirin. Ɗauka ta biyu na sami biyar.

Ba zan ɓoye miki ba, Inna, lissafi ma ba ya yi mini sauƙi. Da aka haɗa makina duka, ina bakin faɗuwa, kuma wadda ta faɗi gida ake mai da ita. Kin san abin da Baba ya ce ranar da za a kawo ni: "In boko ya ƙi, gona ba ta ƙin kowa." Ke kika tsaya a kan sai na zo.

Wata Lahadi ina niƙa gero a gidan Gwaggo Ladi, inda nake zaune. Ban san na kama waƙarki ta niƙa ba, wadda kike yi a gindin darbejiyarmu ta Mayahi, sai na ji Gwaggo daga ɗaki tana cewa, "Wace ce ke tsage mana kunne? Ke, Rabi? Ashe baki gare ki!" Na saki ɗan dutsen na zauna. A tsaye, hannu a baya, idanu talatin a kaina, numfashina ba ya wuce wuya. A durƙushe kuwa, dutse ne ke tura shi, yana fita tare da kafaɗa. Haka na koya a wurinki, ban taɓa ganin kin yi waƙa hannunki ba aiki ba.

Kwana uku ina juya maganar kafin in iya tsayawa gaban teburin Mushe. Na faɗa masa muryata ba ta fita sai a durƙushe kan dutsen niƙa, idona a kan takalmansa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Manyeto ba shi da ido, 'yata. Tsaye ko durƙushe, murya yake ji."

Ranar Asabar ya zo da akwatin, ya zauna a zaure, tunda ba zai shiga gidan mutane ba. Wayar abin magana ba ta kai tsakar gida ba, sai ni da Gwaggo muka jawo dutsen zuwa bakin ƙofa. Hadiza da ta rako shi ta riƙe abin maganar kusa da bakina, tana ce mini, "In kika ba ni kunya, jakin zan je in kirawo." Ba na ganin Mushe, shi ma ba ya ganina. Na zuba gero, na yi bisimilla.

Ranar Litinin aka jera ɗaukar uku a aji. Da aka zo kan ta ukun, na sa kaina a kan tebur. Babu wanda ya yi dariya. Hadiza ta ce allurar har jan layi ta taɓa.

Goma sha huɗu na samu, Inna. Na wuce. Zan dawo baɗi.

Da goma sha biyar ne. Mushe ya cire ɗaya, domin a tsakiyar waƙar na yi shiru, dutse kaɗai ake ji yana tafiya har sau huɗu, sannan na ci gaba. Ya maido wurin sau biyu, ya ce numfashi ne ya yanke mini, in gyara. Ni ma ban san na yi ba sai da na ji. Da na ji kuwa, na gane wurin. Nan ne kike dakatawa kullum ki ce, "Rabi, ƙaro gero," in ruga da ƙwarya. Tun ina 'yar ƙarama ban taɓa jin waƙar ba tare da wannan giɓin ba, shi ya sa bakina ya bar miki wurinki.

Ban yi wa Mushe bayani ba. Na san da na faɗa, da ya maido mini makin, mutum ne mai adalci. Amma ba na so. Wannan ɗayan naki ne.

Ya Allah, ka yalwata wa Inna kabarinta, ka sanyaya shi, ka hutar da hannayen da suka gaji saboda mu. Ka sa in riƙe abin da ta tsaya a kansa har in kai ƙarshe. Ka haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

'Yarki mai kewarki,
Rabi