Sunan da Zan Kira Ran Alhamis

Goronyo, watan Rajab, 1952

Zuwa ga Ruƙayyatu, sanyin idona, inuwar da nike gudowa in rana ta take,

Kin tuna yammar da zan tafi Kano karatun shari'a? Kinka tsaya bakin fadamarku ta Taloka, hannunki duk warin albasa, kinka tambaye ni mi zan zama, ɗan doka ko yari. Nic ce muhuti, mai zama kusa da alƙali shina rubuta shari'a. Kinka yi dariya har kallabinki ya zame. Wallahi dariyar nan ta ciyar da ni shekara huɗu!

To ga ni na zama, kuma nan Goronyo anka aje ni. Shari'ar farko da anka miƙo mani ta wanki ce, Lauwali, da ake zargi ya sari makiyayin da shanunsa sunka shiga albasarku. Baba, mahaifinku, zai zo ya shaida ɗansa ba ya wurin ran nan. Na yarda da Baba, Allah ya sani. Amma abin da anka koya mani shi ne, ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko da waliyyi ne. Kuma ni alƙali ya sa in kira sunayen shaidu, in karanta wanda anka ƙi.

Ruƙayya, mi zan yi da bakina? Ina anka taɓa kiran sunan suruki? Ni da ke sauya hanya in na hango Baba, ni da ke tuɓe takalmi tun daga bakin zaurenku, ko a takardar ga hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Abokan karatuna na Kano za su ce aiki ne kawai. Ba su san mu ba.

Na yi tunanin in ce ban da lafiya. Sai na tuna makiyayin, da hannunsa ɗaure cikin tsumma, shi ma da mai jiransa gida. Tsoro nike ji, ban ɓoye maki ba, tsoron Baba ya ce an fasa aurenmu.

Ran Alhamis zan miƙe gaban jama'a in kira sunansa, sau ɗaya, idona ƙasa. Ki gaya mashi tun yau, don kada ya fara jin shi daga bakina. In ya yafe, ba ni ƙara faɗinsa har kabari. In bai yafe ba, ki sani ban neman wata.

Naki, komi anka yanke,
Zayyanu