Yarinyar da ke Cikin Wayar Auta

Litinin, 3 ga Maris
Hannuwan Auta har yau ba su dawo ba. Likita ya ce jijiya ce, sai haƙuri. Ko cokali ni nake riƙe mata. Abin da ya fi damuna ta daina magana, bango kawai take kallo.

Laraba, 5 ga Maris
Yau da kanta ta buɗe baki. "Umma, ɗauko wayata ki sa wa yarinyata kaya." Wasan nan ne da na sha yi mata faɗa a kansa, a zauna ana yi wa zane ado. Na buɗe. Subhanallahi, yarinya tsaye daga ita sai kayan ciki! Ban san lokacin da na rufe ta da tafin hannu ba. Auta ta yi dariya har da tari. Rabona da dariyarta tun kafin a kwantar da mu.

Asabar, 8 ga Maris
Na sa mata doguwar riga baƙa, na lalubo mayafi na yafa mata. Auta ta ce, "Gasar kwalliyar bakin ruwa ce fa, Umma, ba ta'aziyya ba." Ashe wasu ne can ke duba kwalliyar su ba da maki. Mun zo na ƙarshe.

Ma'aikaciyar jinya ta ce su da takarda suka fara, a yanka riga a manna wa 'yar tsana. Na tuna Babba, yayar Auta, a kwamfutar makaranta ta yi nata. Ni tsummokaran tela nake tsinta ina yi wa 'yar tsanata kaya, har aka ce babu kyau na bari.

Talata, 11 ga Maris
Na so in tambayi malam hukuncin abin nan. Na fasa. Ina tsoron amsar, Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 13 ga Maris
An yi gashin ƙashi, yatsa ko ɗaya bai motsa ba. Da muka dawo ta ce, "Wa zai ɗauki mai zanen kaya marar hannu?" Ban taɓa sanin abin da take son zama ke nan ba. Ni da na haife ta. Na yi mata tofi.

Asabar, 15 ga Maris
Ba ta ce uffan ba. Ko wayar ba ta tambaya ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Bayan la'asar ni na buɗe wasan, ba wanda ya sa ni. Da gangan na haɗa koriyar riga da jan takalmi da hular sanyi, na kai mata saitin fuska. Ta daɗe tana kallo.

"Umma, don Allah cire. Kina zubar min da mutunci."

Na ce sai ta faɗa min me zan sa. Ta yi ta lissafowa, ina dannawa. Hannun dai yana nan yadda yake.

Da ta yi barci na sake buɗewa, don in tabbatar yarinyar a rufe take, ba don komai ba. Shuɗiyar rigar nan mai aiki a wuya ta fi karɓarta.