Sunan Kakan Baban Scholastica

Litinin, 6 Mayu 2024
'Yata Scholastica ta kawo Ba'amurken da za ta aura, Natan, abokin koyarwarta a Samaru. Yana da ladabi, ba laifi. Amma da aka zauna sai ya hau ba ni tarihin gidansu. Wai kakan kakanninsa ɗan Fyuritan ne, masu tsananin ibada da suka bar Ingila a jirgin ruwa shekaru aru-aru. A danginsa akwai alƙali, akwai limaman coci. Uwarsa na so ranar biki a karanta asalin gida biyu a gaban jama'a.
Na ce, "Namu ma yana nan." Bakina ne ya faɗa.

Alhamis, 9 Mayu
Ni Elias, da hannuna na buga bulon farko na masana'antata. Ban gaji ko cokali ba, kuma kullum ina alfahari da haka. Yau na zauna lissafi: ni, Baba Toma, sai bango. Baban Baba ya shigo Sabon Gari da aikin layin dogo. Sunansa? Ban taɓa tambaya ba.

Lahadi, 12 Mayu
Bayan sujada na tare dattawan coci da tambayar kakana. Ɗaya ya ce daga kudancin Kaduna yake, ɗaya ya ce a'a. Mista Ayodele ya yi dariya: "Oga Elias, sai da Bature ya zo ka tuna kana da kaka?"

Asabar, 18 Mayu
Unguwar Jushi, wurin Inna, mahaifiyata. Ita kaɗai ta rage da ta san shi.
"Inna, baban Baba, wa sunansa?"
Ta ja zane ta rufe baki. "Mai Bulo, ka taɓa jin mace ta kama sunan surukinta? Mai Dogo muke cewa."
Na ɗaga murya. Bai kamata ba. Ni ma ɗan fari ne, tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba.

Laraba, 22 Mayu
Na koma da Scholastica. Ta durƙusa: "Kaka, ki raɗa min a kunne, ba wanda zai ji."
Inna ta yarda. Ta matso, leɓenta na motsi. Sunan bai fito ba. Ta sake gwadawa. Sai hawaye.
"Ya tafi," ta ce. "Na ɓoye shi har ya ɓace min."

Juma'a, 24 Mayu
Ban je aiki ba.

Asabar, 1 Yuni
Na ce wa Natan ya faɗa wa uwarsa namu gajere ne: Mai Dogo, Toma, Elias. Ya ce ya yi kyau. Ladabi ne kawai, na sani.
Na bi ta Jushi, siminti na kai wa wani a layin su Inna. Inna ta ce Mai Dogo gurgu ne a ƙafar hagu, yana son gasasshiyar masara, ba ya waƙa a coci sai dai ya bubbuga benci. Na zauna har masu keke suka fara kunna fitila.
Gobe ma akwai siminti a layin. Ko babu, zan je.