Zakariya Biyu, Takarda Ɗaya

Klémat, N'Djamena, 3 ga Maris

Ƙanena Zakariya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Sharifa da 'yarku Humaira. Goggo tana gaishe ku, ƙafar ce dai har yanzu.

Allah ya yi wa ofishin harajinmu albarka. Ban taɓa ganin inda ake son mutum kamar wurin nan ba. Ka ce za ka tafi, su riƙe maka riga. Ko Goggo ba ta riƙe baƙo haka. Na je neman takardar da ka aike ni, mai nuna ba a bin ka haraji a Chadi. Suka ce a fara rufe asusunka na banki. Na je banki, suka ce a fara kawo takardar haraji. Ka ga ladabi ke nan, ba mai son ya riga ɗan'uwansa. Mai tagar ya ce mini "ambakir", wato gobe. Ka dai san goben garin nan, ba ta cikin kalanda.

Ka ƙara haƙuri. Ka huta lafiya.

Yayanka,
Ghali

Rotterdam, 12 ga Maris

Zuwa ga Yaya Ghali,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa. Wasiƙarka ta ba Sharifa dariya. Ni ba ta ba ni ba.

Ranar da Holan ta karɓe ni ɗan ƙasa, na sa hannu cewa zan ajiye zama ɗan Chadi. Wa'adin ya rage kwana sittin. In ban kai shaida ba, suna iya karɓe abin da suka ba ni, kuma aikina na tashar jiragen ruwa da shi ya rataya. Ofishin jakadancin Chadi ya ce ba zai taɓa dosiyena, wato fayil ɗin takarduna, ba sai da takardar nan.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Wane asusu? Shekara goma sha huɗu da na bar gida da jaka ɗaya, ban taɓa shiga banki a N'Djamena ba. Ina masu haraji suka san ni? Don Allah, Yaya, ka amsa mini wannan ba da wasa ba.

A gaida Goggo.

Ƙanenka,
Zakariya

Klémat, 20 ga Maris

Zakariya,

Sallama da gaisuwa. Da hannu na rubuta wannan na ɗauki hotonta, don ba maganar da zan iya faɗa da baki ba ce.

Ka san Kaka. Ya taso daga Katsina za shi Makka, ya sauka unguwar Kabalaye nan N'Djamena ya huta, ya huta shekara hamsin. Duk wanda ya ce ya yi takarda sai ya ce, "Matafiyi me zai yi da ita? Mu wucewa muke." Baba ma ya bi sawunsa. A gidanmu kaf kai kaɗai ke da takardar zama ɗan ƙasa, ita ma shugaban makarantarku ne ya tsaya maka saboda tafiya karatu.

Da zan buɗe shagon yadi aka ce sai da ita. Taka tana akwatin Goggo, ƙarƙashin tasbahar Kaka. Hancinmu ɗaya, goshinmu ɗaya. Sauran ka ƙarasa da kanka.

Shekara goma sha ɗaya ni ne Zakariya a banki da wajen masu fatanti, harajin 'yan kasuwa. Ban kuma zubar maka da mutunci ba: ko sau ɗaya ba ka makara wajen biyan haraji ba, har manajan banki yana miƙe maka. Matsalar ita ce ba sa sallamar mai shago a buɗe. Kafin su sake ka, sai Zakariya ya rufe shago ya rufe asusu. Shagon nan kuwa shi ke sayen maganin Goggo, shi ke ɗora tukunyar mutum tara.

Ka zage ni, na cancanta.

Ghali

Rotterdam, 21 ga Maris

Yaya,

Salamu alaikum. Ba zan zage ka ba, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Amma kwana biyu ke nan nake cike takardu a nan ina rantsuwa ba ni da asusu a wata ƙasa. Kai, ba kwana biyu ba, shekara da shekaru. In suka gano, maƙaryaci za su kira ni, ba kai ba.

Ka je ka nemi takardarka da sunanka, ka mayar da shagon kanka, sannan ka sake ni. Ban ce Goggo ta rasa magani ba. Ban kuma ce Humaira ta tashi ta ga an ƙwace wa ubanta fasfo ba. Saura kwana hamsin da ɗaya.

Allah ya ba mu mafita.

Zakariya

Kabalaye, 28 ga Afrilu

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ka yafe shirun. Na bi shawararka: an ce takarda da sunana sai wata shida, in an yi sauri. Kai kuma ba ka da wata biyu. Na faɗa wa Goggo komai. Ta daɗe tana jan tasbaha, sannan ta ce, "Rigar aro ce, Ghali. Mai ita na jin sanyi."

Ranar Litinin Zakariya ya sa babbar riga ya je ya rufe shagonsa. Ranar Laraba ya rufe asusu, manaja ya raka shi har bakin ƙofa yana cewa ƙasa ta yi asarar mutumin kirki. Takardar haraji ta fito da hatimi uku, tana hanya, za ta riske ka kafin wa'adi. Yadin yana jibge a zauren Goggo, ina sayarwa a ɓoye kamar kayan sata.

Jiya na koma neman tawa. Mai tagar ya ɗago ya ce, "A'a, Alhaji Zakariya, ba ka tafi ba?" Na ce ni yayansa ne. Ya dube ni, ya dubi hancina, ya ce to, shikenan, abu ne mai sauƙi: in kawo ɗan'uwa na jini, ɗan ƙasa mai takarda, ya shaida a nan aka haife ni.

Ka gaida Sharifa da Humaira. Kai da ka yi karatu, ka san wani?

Yayanka,
Ghali