Kada Ki Fara da Godiya

Zuwa ga 'yata Chizuru, a Tokyo,

Sanyin kaka ya shigo, ganyen kan duwatsu ya fara ja. Da fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci mai zafi, ba taliyar kwalin nan taki ba.

Waya ba ta dawo ba tun girgizar ƙasar, shi ya sa na ba direban motar agaji wannan. Muna nan a ɗakin wasannin makarantar da aka kwaso mu, kowa da bargonsa.

Kin gan ni a tashar talabijin ɗinku? Wata 'yar jarida ta tambaye ni yaya muke. Na rusuna na ce mun gode, a yafe mana ɗawainiyar da muka ɗora wa mutane. Sannan na gaya mata abin da ke hana ni sukuni: dutsen da ya zafto ya toshe kogi a saman ƙauyenmu Kurusawa, ruwa na ta taruwa a bayansa. Da aka nuna, godiyar kaɗai na gani. Ƙila lokaci ne ya ƙure musu.

Babanki kuwa, kunne ya yi nauyi, taurin kai na nan. Wuni yake a gaban talabijin. Jiya kakakin gwamnati ya fito da kwat, ya ajiye shuɗiyar rigar aikin da suke sawa idan bala'i ya auku. Babanki ya buga cinya ya ce, "Tomiko, an gama. Wa zai sa kwat dutse na shirin faɗowa?" Ya ce ranar Juma'a, da an buɗe hanya, zai koma ya duba kifayen adonsa. Na ce, "Kifi sun fi ni ke nan?" Ya ce, "Su ba sa gardama."

Ke da ke cikinsu, gaya min gaskiya. Ina jin tsoro.

Ki kula da kanki,
Mamanki

*

Mama,

Barka da ƙoƙari. Ina lafiya, ina cin abinci.

Kada ki bar Baba ya koma. Ba lokaci ne ya ƙure ba. Ina zaune a ɗakin haɗa hotuna aka yanke maganarki. Shugaban sashenmu ya ce tsohuwa mai godiya tana kwantar wa ƙasa hankali, tsohuwa mai tsoro kuwa tana tayar da shi.

Akwai abin da ya fi wannan. Jirginmu mai saukar ungulu ya ɗauko hoton wurin, na kalle shi da idona. Ruwan ya kusa kai bakin tudun da ya toshe kogin, kuma ya fara tsiyaya ta ƙasa. Gidanmu da tafkunan kifin Baba suna kan hanyarsa. Ba za mu nuna ba sai ma'aikatar gwamnati mai kula da lamarin ta tabbatar, don tashar da ta riga sanarwar hukuma ba a sake kiran wakilinta taro. Ma'aikatar kuma ta ce tana nazari.

Kwat ɗin ma ba ruwansa da dutse. Majalisa ce ta koma zama, ana so a ga komai ya daidaita.

Ki karanta wa Baba da ƙarfi, ta kunnen hagu.

'Yarki,
Chizuru

*

Chizuru 'yata,

Safiya ta fara raɓa, ki fito da rigar sanyinki.

Na karanta masa, ta hagun. Ya ce, "Yarinyar nan tun tana ƙarama take ganin dodo a bayan ƙofa. In da gaske ne, me ya hana su faɗa a labarai?" Na ce ai ita ce take haɗa labaran. Ya ce, "To ta haɗa mu gani."

Na je wurin shugaban unguwa. Ya saurare ni da ladabi, ya zuba min shayi, ya ce kada mu zama ƙauyen da ya cika ƙorafi, duk ƙasa ta yaba haƙurinmu. Tun da aka nuna mu muna bin layin shinkafa ba turereniya, kowa a nan tafiya yake kamar ana ɗaukar hotonsa. Ko tari mutum zai yi sai ya shige bargo.

Sakae maƙwabcinmu da matarsa ma za su koma. Babanki ya wanke takalman robarsa ya jera a bakin ƙofa. Duk wucewar da zan yi sai na gan su. Ban san abin da zan yi ba kuma.

Ki huta lafiya,
Mamanki

*

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ranar Juma'a shirin safe zai haɗa da ɗakinku kai tsaye. Abin da aka faɗa kai tsaye ba mai iya yanke shi. Na sa sunanki cikin waɗanda za a tambaya, sun amince nan take, don suna son tsohuwar nan mai godiya.

Lokacin kaɗan ne. Kada ki rusuna. Kada ki ba da haƙuri. Kada ki fara da godiya, Mama, don kafin ki gama ta an ɗauke ki. Da 'yar jaridar ta miƙo miki abin magana ki ce: ruwa zai ɓalle a saman Kurusawa, tashar nan tana da hoton, a nuna.

Na san abin da nake roƙonki. Ke da ko kare ne ya ba ki hanya sai kin gode masa. Za a gane daga inda maganar ta fito, ƙila in rasa aikina, na yarda. Baba ba ya fita sai ya kalli labaran safe. Wannan kaɗai ya rage mana.

'Yarki mai ƙaunarki,
Chizuru

*

Chizuru,

Na faɗa. Ban rusuna ba. Muryata ta fita kamar ba tawa ba, 'yar jaridar ta daskare da murmushi a fuska, aka koma talla.

Ina tsaye a bayan Babanki, amma bai juyo ba, a cikin talabijin ya kalle ni. Tun aurenmu nake masa magana, sai yau ya ji. Ya tashi ya ɗauko takalman daga bakin ƙofa ya tura ƙarƙashin bargo.

A layin shinkafa kowa ya kau da kai daga gare ni. Da rana aka sake rufe hanya.

Su Sakae tun asuba suka tafi, ba su jira labarai ba. Ana ruwa tun hantsi, motarsu ba ta dawo ba.

Kakakin ya fito yanzu da shuɗiyar riga.

Mama